A auna wuta kafin a ce ordinater ta mutu

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a shagunan gyara, daga Maradi har Damagaram. A kawo tsohuwar ordinater wadda ba ta tashi, mai gyara ya danna maɓalli sau biyu, ya girgiza kai, ya ce kart mer ta ƙone. Shi ke nan, mai ita ya haƙura, ƙarshenta a hannun masu sayen tsohon ƙarfe. Ni dai a ganina wannan hukunci ya yi gaggawa. Akwatin wutar nan da muke kira alimantasiyon shi ya kamata a fara tuhuma.

Masu tattara tsoffin na'urori a Turai da Amurka sun daɗe da gane haka. Ga Commodore 64 da ta fito a 1982, har yau ana gyara ta. Akwatin wutarta yana ba da volt 5 da volt 9, kuma da yawansu an cika cikinsu da ƙaro mai tauri, zafi ba shi da mafita. Idan ɗan abin da ke daidaita volt 5 ɗin ya gaji, ba yankewa yake yi ba, sakin wuta yake fiye da ƙima, ta je ta kashe ƙwaƙwalwar na'urar. Fitila ja na ci, allo baƙi ƙirin. Shi ya sa ƙa'idarsu guda ce: ba a jona tsohon akwati sai an auna shi da miltimetir.

To mu fa, da kuran ke tafiya ya dawo da ƙarfi, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka? Tsoffin ordinater na tebur da ake shigo mana da su kwance sun fi kowa buƙatar wannan awo, kuma ba wuya gare shi ba. A cire babban fulogin daga kart mer, a haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe. In fanka ta juya, a auna: ja volt 5, rawaya volt 12, ruwan goro volt 3.3. In lamba ɗaya ta kauce sosai, an kama ɓarawo. Juyawar fanka kaɗai ba shaida ba ce, nan ne yara masu koyo ke ruɗewa.

A duba baya ma. Wasu da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 220 ce. In an bar shi a 115, da jonawa sai ƙara da hayaƙi.

Na san masu gyara za su ce awo na cin lokaci, mai kaya kuma ba ya biyan kuɗin bincike. Gaskiyarsu, kuma mu masu kai kaya ya kamata mu riƙa biya. Amma minti goma ne, kuma alimantasiyon kwance ya fi arha nesa ba kusa ba a kan wata ordinater, musamman ga ɗalibi ko mai buga takardu a bakin kasuwa.

Don Allah iyayen gida, kada ku bar yaro sabon koyo ya buɗe akwatin shi kaɗai. Manyan kondansater na ciki suna riƙe wajen volt 300 ko bayan an cire waya daga bango. Wanda samansa ya kumbura kuwa, a canza shi da mai lamba iri ɗaya.