Goyon bayan jama'a daban, ƙuri'ar sanatoci daban

Malam Edita,

Na sha ganin masu sharhi a shafukanku suna kafa hujja da Amurka, wai a can abin da jama'a ke so shi majalisa ke zartarwa. A matsayina na mazaunin ƙasar, ina neman fili in ce wani abu.

A watan Maris na 2021, cikin mako guda, Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurori biyu. For the People Act zai sauƙaƙa rajistar zaɓe, ya kuma wajabta wa jihohi buɗe rumfuna tun kafin ranar zaɓe. 220 suka amince, 210 suka ƙi. PRO Act kuwa na ƙungiyoyin ƙwadago ne, ya wuce da 225, masu ƙi 206. Har yau babu wanda ya zama doka. A Majalisar Dattawa sai sanatoci 60 cikin 100 sun yarda kafin a rufe muhawara, 'yan Democrat masu ƙudurorin kuma 50 gare su a lokacin. Da aka nemi sassauta ƙa'idar a Janairun 2022 saboda dokar zaɓe, nasu biyu, Joe Manchin da Kyrsten Sinema, suka ce ba da su ba.

Batun ƙwadago ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A 2021 cibiyar Gallup ta gano kashi 68 cikin 100 na Amurkawa suna goyon bayan ƙungiyoyin ma'aikata, amma ma'aikaci ɗaya cikin goma ne ɗan ƙungiya. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 1935, kamfanin da ya kori mai haɗa kan ma'aikata ba ya biyan tara. Bayan doguwar shari'a sai a ce ya mayar da shi aiki, ya biya albashin baya, har ma a cire abin da mutumin ya samu a wani wuri. PRO Act ya tanadi tarar da za ta kai dala 50,000. Faɗa wa mai tambaya a waya cewa kana son ƙungiya abu ne mai sauƙi. Sa hannu a takarda ga mai kuɗin haya a wuya, nan ake jin jiki. A rumbun Amazon na Bessemer, jihar Alabama, ma'aikata 1,798 suka ƙi ƙungiya a Afrilun 2021, 738 suka so.

Su ma masu ƙudurin zaɓen ba duk gaskiya suke faɗa ba. Kusan takwas cikin goma na Amurkawa suna son a nuna katin shaida mai hoto kafin a jefa ƙuri'a, sharaɗin da ƙudurin nasu zai sassauta. Kowane ɓangare tambayar da ta yi masa daɗi yake ɗagawa.

Roƙona, idan za ku buga alƙaluman jin ra'ayi, ku haɗa mana da ainihin tambayar da aka yi wa mutane, da adadin sanatocin da ke bayan ƙudurin.

Naku,
Mai karatu daga Bronx, New York