Tsohon Keken Tsere: Tsakanin Rashin Nauyi da Ƙarko

A watan Oktoban 1972, a birnin Meziko, shahararren ɗan tseren keke na ƙasar Beljiyam, Eddy Merckx, ya shafe kilomita 49 da ɗoriya cikin awa guda. Keken da Ernesto Colnago ya ƙera masa bai kai kilo shida ba, domin an bi sassansa da dama an huda ramuka don a rage nauyi. Daga nan matasan Turai suka ɗauki abin a matsayin yayi, kowa ya kama huda ƙarafan kekensa, suka manta cewa an ƙera na Merckx ne domin aikin awa ɗaya a fili mai santsi.

Kamfanoni ma sun bi sahu. Simplex na Faransa ya riga ya fara yin na'urar sauya giya da roba mai tauri tun a shekarun 1960, kuma an san ta da tsagewa idan ta kwana biyu. A 1973 Campagnolo na Italiya ya fito da samfurin Super Record, inda aka sa taitaniyam a wuraren da aka saba sa baƙin ƙarfe. Shekara tara bayan haka, a tseren Blois zuwa Chaville na 1982, Laurent Fignon yana kan gaba shi kaɗai sai sandar taitaniyam da ke riƙe da fedojinsa ta karye, ya sha ƙasa, nasara ta kuɓuce masa. Sauri ya haifi nawa.

Wannan muhawara tana nan da ranta, saboda tsofaffin kekuna sun sake yin daraja. A garin Gaiole na yankin Chianti, tun 1997 ake gudanar da taron L'Eroica, inda dubban mutane ke hawa kekunan tsere irin na da a kan hanyoyin tsakuwa, wasunsu har fiye da kilomita 200. Mai shirin wannan tafiya dole ya yanke shawara a kan sarƙa, da haƙoran giya, da sandar feda.

Ra'ayinmu shi ne ya zaɓi ƙarko. Ɗan tsere na wancan zamani yana da bakanike da mota biye da shi, kuma idan haƙoran giya na alminiyam suka cinye, kamfani ne ke ba shi sababbi. Mai tsohon keke a yau ba shi da wannan gata. An daina ƙera yawancin kayan, wanda ya rage kuma ya shekara arba'in ko hamsin yana shan wahala, ga shi alminiyam yakan tsage a ɓoye kafin ya karye farat ɗaya. Nauyin da sandar taitaniyam ke ragewa bai kai na ruwan gora ɗaya ba, amma idan ta karye a gangara, ƙashin mutum ne zai biya.

Wanda ke sha'awar kayan da aka huda saboda tarihinsu, ya goge su ya adana, ko ya hau da su a gajeriyar tafiya. Wanda zai yi doguwar tafiya kuwa, ya sa ƙarfe a duk inda karyewa ke nufin faɗuwa, ya duba hannun feda a kai a kai ko akwai tsagewa, ya kuma sauya sarƙa kafin ta cinye masa haƙoran da ba zai sami madadinsu a kasuwa ba.