Ƙugiyar da ke ɓacewa a shagon buga takardu

A hutun da ya gabata na kai babin farko na kundina wani shagon buga takardu a Sabon Gari, nan Maradi. Da na karɓo shi, sai na tarar “baƙi” ya koma “baki”, “ɓari” ya koma “bari”. Babin kuwa a kan tsarin sauti yake, inda dukkan hujjar ta rataya a kan waɗannan ƙugiyoyi.

Ban ga laifin mai bugun ba. Allon rubutun da hannunsa ya saba da shi na Faransanci ne, wato AZERTY, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a kansa. Windows na da tsarin Hausa, amma a kan QWERTY aka gina shi. Da zarar ya koma can, “a” ta musanya wuri da “q”, “m” ta ƙaura. Mutumin da ake biya bisa yawan shafuka, ga layin masu jira daga Tibiri da Jiratawa, ba zai yarda da abin da zai rage masa sauri ba.

A ganina maganin bai fi aikin wuni ɗaya ba. Da manhajar Keyman ko Microsoft Keyboard Layout Creator ana iya barin AZERTY yadda yake, a ɗora ƙugiyoyin a kan AltGr: AltGr da k su ba da ƙ, AltGr da y su ba da ƴ. Sannan a saitin harshe a keɓe wa tsarin gajeriyar hanyarsa, kamar Ctrl, Shift da 1, ta yadda dannawa ɗaya za ta kai mutum Hausa, wata ta mayar da shi Faransanci. Gajeriyar hanyar da ake yi cikin Word tana da amfani, sai dai ba ta bin mutum zuwa intanet.

Wasu za su ce mahallin jimla yana warware ma'ana. Sau da yawa haka ne ga ɗan harshe. Amma na'urar bincike ba ta san mahalli ba: wanda ya nemi “ƙasa” a cikin taskar matani zai rasa duk inda aka rubuta “kasa”, ƙididdigarsa ta gurɓace.

Tun 1999 Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutu mai ƴ, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ina roƙon sashenmu ya tsara wannan allo, ya raba shi kyauta, mu ɗalibai mu kai shi shagunan unguwanninmu a hutu mai zuwa.