Motar da Ke Ƙin Tashi da Zafi: A Bincika Kafin a Sayi Kaya

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa yakan wuce digiri 40. A wannan lokaci ne wata cuta ta mota ke yawaita. Da safe mota ta tashi bugu ɗaya, ta yi tafiya lafiya lau daga Kano ta biyo ta Dambatta. Amma da an tsaya minti 15 a sauke kaya, sai ta ƙi tashi, ko ta tashi tana tari ta mutu. Idan ta huce kuma ta koma daidai.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ɗauko mara lafiya zuwa asibiti, ko direban haya da dare ya riske shi a daji da fasinjoji. Ra'ayinmu shi ne, yawancin kuɗin da ake kashewa kan wannan matsala asara ce, domin ana sayen kaya kafin a san ciwon. Yau a canja fulogi, gobe batir, jibi famfon mai, ciwo kuwa yana nan.

Bari mu fara da dalili. Idan aka kashe injin, ruwa yakan daina zagayawa, iskar hanya kuma ta ɗauke, saboda haka zafin da ke ƙarƙashin bonet yakan ƙaru na ɗan lokaci kafin ya sauka. A tsofaffin motoci masu kafireta, irin su Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, wannan zafi kan tafasa fetur a bututu ya zama tururi, famfo kuwa ba ya jan tururi. Wani lokaci kuma man da ke cikin kafireta ya tafaso ya malala cikin injin ya shaƙe shi.

Motoci masu nozul nasu daban ne. Nozul mai ɗiga yakan cika injin da mai bayan an kashe. Famfon da ya gaji ba ya riƙe ƙarfin mai a bututu. Akwai kuma 'yar na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota zafin ruwa. In ta lalace sai ta ce injin da sanyi, a yi ta zuba masa mai fiye da kima. Kwayil da na'urar da ke lura da juyawar injin su ma sukan daina aiki in sun gasu, su farfaɗo in sun huce.

To, ta yaya za a bambance? Mai mota ya lura da abubuwa uku. Na ɗaya, in akwai warin fetur da baƙin hayaƙi a salansa, kuma mota na tashi idan an danne totur har ƙasa, to mai ne ya yi yawa. Na biyu, in an ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo da bututun mai na mota mai kafireta ta tashi, to tururi ne. Na uku, in babu wuta a fulogi a daidai lokacin da ta ƙi tashi, sai a koma ga kwayil da na'urorin wuta. Kada dai kowa ya buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai yi masa wanka.

Ga kanikawanmu kuma muna da roƙo. Ku gwada mota tana da zafi, domin gwajin safiya ba zai nuna kome ba. Wanda ba shi da na'urar binciken kwamfuta ya tura mai mota Kazaure ko Kano, ba abin kunya ba ne. Sannan ku daina cire tamostat kuna haɗa fanka kai tsaye. Mun san hujjarku, wai an ƙera shi ne don ƙasashen sanyi. Amma aikinsa shi ne ya riƙe zafin injin wajen digiri 80 zuwa 90. In an cire shi, injin ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ga shi tun da aka janye tallafi a watan Mayu 2023 fetur ya yi tsada. Ciwon asali kuwa bai warke ba.

A kula da mai ma. A watan Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai yawan methanol cikin ƙasar nan, motoci da dama suka lalace. Mu da ke bakin iyakar Nijar mun saba da man galan na 'yan bumburutu, wanda ba a san abin da aka gauraya a ciki ba. In mota ta fara tari bayan an sha irin wannan mai, a fara duba tanki da matatar mai.

Masu mota, ku riƙa gaya wa bakanike minti nawa ta tsaya, da abin da hancinku ya ji, da launin hayaƙi. Ku biya shi ladan bincike ko da bai canja kome ba, don kada ya nemi abincinsa ta hanyar sayar muku da kayan da ba ku buƙata. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai kowa gida lafiya.