Kafin a ba da kafin alƙalami, a kira magini

Jama'ar Madarunfa da masu saurarenmu na nesa.

Yau da kanmu za mu yi faɗa. Idan za mu sayi rago a kasuwa, sai mun buɗe bakinsa mun duba haƙora. Babur kuwa ba mu biya sai bakanike ya tada shi ya saurari inji. Amma gida, wanda mutum ya kwashe shekara goma yana tara kuɗinsa, sai mu shiga da dillali, mu ga fenti yana walƙiya, mu ce Allah ya sa albarka. Haba jama'a!

Garinmu bakin tabki yake, ga Gulbin Maraɗi kusa. A 1945 ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi har anka maida shi kan tudu. Damanar 2024 kuma kowa ya ga gidajen da sunka zube a jihar nan. Duk da haka cikin rani muke ciniki, lokacin da kowane bango ke tsaye kamar na kirki.

Wani zai ce ai yana da takarda daga ma'aikatar magajin gari, ga shaidu, ga sa hannun mai gari. Madalla, a nemi takarda. Sai dai takarda mai gida take nunawa, ba ta faɗin ko gara ta cinye azara.

Ba mu ce a ɗauko injiniya daga Yamai ba. Tsakanin kallon ido da babban bincike akwai na tsakiya: tsohon magini ko ma'aikacin gine-gine wanda kai ka kira, kai za ka biya, ba ɗan'uwan mai sayarwa ba, ba abokin dillali ba. Ya ƙwanƙwasa shafen siminti. In ya ji kamar ganga, shafen ya rabu da bango, watakila ma laka ce a ciki. Ya duba gindin bango ko akwai alamar danshi da gishiri. Ya hau sama ya ga kwano, azara da indararo. Ya auna tsakar gida da titi, wanne ya fi tudu, don nan ruwa zai bi. Ya ga nisan masai da rijiya. Kai kuma ka tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya bara.

Yaushe? Kafin kuɗi su bar hannunka, ko na kafin alƙalami ne. In gidan tsoho ne, ko yana gangare, ko an yi masa sabon fenti ana gobe ciniki, to dole ne. In za ka iya haƙuri har Ogusta, je ka gan shi washegarin ruwa mai ƙarfi.

'Yan'uwanmu da ke Legas ko Agadas masu sayen gida da hoton WhatsApp, wannan cinikin biri a sama ne. Ku tura wanda zai taɓa bangon da hannunsa.

Mun san abin da ke hana mu: kunya. "Kar Alhaji ya ce ban yarda da shi ba." To Alhaji ba shi zai kwana ɗakin da iyalinka ba. Mai sayarwa na gaskiya ba ya tsoron magini. Wanda ya ce sai yau ko a fasa, ku ce masa a fasa.

Ku rubuto mana abin da kunka gani a unguwanninku, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.