Kundi Ɗaya, Karatu Daban-Daban

A mafi yawan azuzuwan nazarin halittu akan koya wa ɗalibai cewa DNA shi ne kundin gado, daga nan sai a tsaya. Wannan kuwa rabin darasi ne. Ƙwayar halittar fata da ta tsoka kundi iri ɗaya suke ɗauke da shi. To, me ya bambanta su?

Bambancin yana ga shafin da kowacce ke karantawa. A shekarar 1987, Harold Weintraub da abokan aikinsa a Amurka suka gano wani furotin mai suna MyoD. Da suka sa wasu ƙwayoyin halittar ɓera waɗanda ba na tsoka ba suka riƙa ƙera shi, sai suka rikiɗa suka koma na tsoka. Furotin ɗin yakan maƙale a keɓaɓɓun wurare kan zaren DNA, ya jawo masu warware naɗin zaren, sannan injin kwafa, wato RNA folimares, ya kwafi umarnin ƙera sinadaran da ke sa tsoka motsi. A 1993 kuma aka haifi ɓerayen da aka cire wa MyoD da ɗan'uwansa Myf5, aka tarar ba su da tsokar da ke motsa ƙashi ko kaɗan.

Saboda haka ya kamata malamai su rage tilasta haddar sunaye, su koyar da yadda ake buɗe shafi da rufe shi. Ɗalibin da bai san wannan ba zai iya cin jarrabawa, amma ba zai iya bayyana yadda ƙwayar halitta guda ta zama mutum ba.