LU BU A ƘAUYEN ALU, INA NAMU JARUMAN?

Yau dai masu jiran ci gaban littafi sai su yi mini afuwa, wata magana ce ta tsaya mini a rai game da gidajen gem da suka cika unguwanninmu, tun daga nan Ƙauyen Alu har Unguwa Uku, Gyadi-Gyadi da cikin Tarauni. Iyaye na kuka da su, malaman Islamiyya na kuka da su, kuma kukan nasu yana kan hanya. Sai dai ni a matsayina na marubuci akwai abin da na hango cikin ɗaya daga wasannin da ake bugawa a can, wanda nake ganin mu masu alƙalami ya fi shafa, kuma mu ya kamata ya hana barci.

Wasan da nake nufi shi ne Dynasty Warriors. Ba shi ya fi kasuwa ba, domin ƙwallo ce sarauniya a kowane shago, amma duk inda tsohuwar PS2 ta rage da rai za ka tarar da masu sonsa, kuma ni kaina ina cikinsu, ba na ɓoyewa. Ga wanda bai san shi ba, za ka zaɓi jarumi guda ne a jefa ka tsakiyar fagen fama, dakaru su yanyame ka ta ko'ina kamar fari, kai kuma ka yi ta sara da suka kana zubar da su goma-goma. A gefen talabijin akwai lissafin waɗanda ka kayar, kafin a tashi yaƙi ɗaya sai ka ga ya haura ɗari biyar, gwanaye har dubu suke cikawa. A sama akwai taswira mai nuna rundunarka da ta abokan gaba, in ka shagala da sara ka bari aka kashe sarkinka to an ci ku ke nan komai yawan waɗanda ka kayar. In jininka ya yi ƙasa sai ka fasa tulu ka tsinci wani curin burodi mai nama a ciki ka farfaɗo.

Abin da da yawa ba su sani ba, wannan wasa ba 'yan Chana suka yi shi ba. Wani kamfanin ƙasar Japan ne mai suna Koei ya fitar da na farko a 1997, na biyun da ya zo da wannan salo na mutum ɗaya a kan dubu ya fito a 2000 a kan PS2, kuma har 2025 sun sake fitar da sabo. Labarin kuwa daga wani littafi suka ɗauko shi, littafin Dauloli Uku wanda ake jingina wa Luo Guanzhong, marubucin ƙasar Sin na ƙarni na 14, mai babi 120. Shi ma a kan tarihi na gaskiya ya gina shi: tawayen masu rawaya-rawayan rawuna a shekarar 184, rushewar daular Han a 220, rabewar ƙasa gida uku tsakanin Wei da Shu da Wu, har zuwa 280 da daular Jin ta sake haɗe ta.

To jama'a ku duba wannan tafiya. Yaƙi aka yi shekara wajen 1,800 da suka wuce, masu ba da labari a kasuwanni da 'yan wasan kwaikwayo suka yi ta juya shi a baki, marubuci ya tattara ya mai da shi littafi, wata ƙasa daban ta mai da littafin wasa, yau ga shi yaron da ko Kwanar Dangora bai taɓa wucewa ba yana rantsuwa cewa babu namiji kamar Lu Bu. Ya san Cao Cao mai wayo ne, ya san Liu Bei da Guan Yu da Zhang Fei 'yan'uwan rantsuwa ne, ya san a yaƙin Chibi da wuta aka cinye jiragen ruwan Cao Cao. Ba malamin da ya tsare shi da bulala ya haddace wannan. Amma ka tambaye shi wane ne Kanajeji, ko me ya haɗa Kutumbi da Katsinawa, sai ya tsaya yana kallonka kamar ka yi masa yaren Sin ɗin.

Akwai masu cewa ai duk tatsuniya ce, ba tarihi yaran ke koya ba. Gaskiya ne akwai ƙari, su kansu masanan Sin sun daɗe da cewa littafin kashi bakwai gaskiya ne, kashi uku ƙirƙira. Rantsuwar da jarumai ukun nan suka yi a cikin lambu ba ta cikin kundin tarihin da Chen Shou ya rubuta a ƙarni na 3. Kyakkyawar nan Diaochan da ta haɗa Lu Bu faɗa da ubangidansa Dong Zhuo, wadda mu marubutan soyayya za mu ce tamu ce, masu labari ne suka ƙago ta. Hua Xiong da littafin ya ce Guan Yu ya sare, a tarihi rundunar Sun Jian ce ta kashe shi. Amma ai wannan kashi ukun shi ne gishirin da ya sa aka ci kashi bakwan. Da babu shi da labarin yana can kwance a ɗakin ajiye littattafai, ba mai buɗawa sai masu neman digiri, kamar yadda namu yake kwance yanzu.

Domin kuwa ba rasa abin faɗa muka yi ba. Littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, cike yake da abin da masu yin irin wannan wasa ke nema ido rufe. Sarki bayan sarki yana lissafa jarumansa da sunayensu, wasu har da kirarinsu. A ciki aka ce Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Ga doguwar gaba tsakanin Kano da Katsina wadda ta ci sarakuna, har da Kutumbi da ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648. Ga Kwararrafa da suka shigo har cikin birnin Kano a ƙarni na 17. In muka leƙa maƙwabta ga Amina ta Zazzau da ganuwowinta, ga Kanta na Kabi da ya juya wa Askiya na Songhai baya ya kafa Surame. Kano da Katsina da Zazzau, ashe mu ma ba mu da daulolinmu uku? Kuma hanyar ba baƙuwa ba ce a adabinmu, tun 1934 Muhammadu Bello Kagara ya fitar da Ganɗoki, jarumi ɗaya mai tarwatsa runduna, wanda ya fara da tarihin zuwan Turawa ya ɓulle duniyar aljanu.

Mu kuwa marubutan wannan zamani me muka yi? Masu soyayya a cikinmu mun tare a falon Alhaji da rikicin kishiyoyi. Masu littattafan yaƙi, waɗanda samari ke rububinsu, yawanci sai su tsallake ƙasar Hausa gaba ɗaya su kai mu wani birni da babu shi a taswira, da sarki mai sunan Larabawa ko Farisawa, da matsafi da takobin tsafi. Ban raina aikin kowa ba, na san wahalar cika shafi. Amma ƙwazon da ake ƙirƙiro birnin ƙarya da shi, rabinsa ya isa a tayar da Kano ta zamanin Rumfa a kan takarda, da kasuwar Kurmi da ƙofofinta da barade. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida gida ya bar shi.

Na san inda gizo ke saƙar. Cao Cao ba shi da jikan da zai kai ka ƙara wajen hukuma, mu kuwa tarihinmu yana da masu shi. Wanda ya ce zai rubuta Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ya sani zuriyar ɓangarorin biyu suna nan cikin gari, wata kalma ɗaya sai ta tayar da tsohon miki. Haka kuma ni ban yarda a ɗauki Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko malaman jihadi a mai da su abin da yaro zai riƙa juyawa da yatsa yana ihu ba, wannan layi ne da bai kamata a tsallaka ba. Shi kansa Luo Guanzhong sai da aka shekara sama da dubu da yaƙin sannan ya rubuta nasa. Saboda haka mu fara da na nesa, zamanin su Yaji da Kanajeji da Kutumbi, inda ƙura ta daɗe da lafawa.

Sannan akwai abin da littafi zai iya wanda wasan ya gaza, kuma shi ne babban aibinsa a wurina, fiye da ɓata lokaci. A Dynasty Warriors talakan soja ciyawa ne. Ba shi da suna, ba shi da uwa, in ya faɗi sai ya ɓace, lamba ta ƙaru. Alhali ƙidayar da daular Han ta yi a tsakiyar ƙarni na 2 ta sami mutum sama da miliyan 56, wadda aka yi a 280 bayan yaƙe-yaƙen kuwa miliyan 16 da 'yan kai ta samu. Ba duka ne suka mutu ba, da yawa gudun hijira suka yi ko suka ɓace wa masu ƙidaya, amma wannan giɓi kaɗai ya isa ya gaya maka irin yunwa da annoba da maraicin da ke bayan wannan jarumtaka. Yaron da ya tashi a garin da 'yan daba ke fitowa da wuƙaƙe lokacin zaɓe, yana buƙatar wanda zai gaya masa cewa kowane ɗaya cikin dubun nan akwai mai jiran dawowarsa a gida. Na'ura ba za ta gaya masa ba. Marubuci ne zai shiga bukkar matar da aka kashe wa miji a yaƙin Katsina ya zauna da ita shafi goma.

Game da masu cewa a rufe gidajen gem baki ɗaya kuwa, ina tuna musu cewa a 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya, karatun bai tsaya ba, ƙarshe ma waya ya koma inda ba mai iya sa masa ido. In aka rufe shago yau, gobe wasan yana cikin wayar yaro a ƙarƙashin bargo. Abin da ya fi shi ne masu unguwanni da iyaye su zauna da masu shagunan a yi ƙa'ida: a kashe janareta in an kira salla, kada a karɓi yaro da kayan makaranta a jikinsa ko a lokacin Islamiyya, a hana caca a kan wasa, a tashi da wuri da dare. Uba kuma ya daure ya tambayi ɗansa wane ne wannan Lu Bu ɗin, in ya gama ba shi labari shi kuma ya ba shi na Kanta. In bai sani ba, to ga dalilin da ya sa nake kiran marubuta.

Kirana na ƙarshe ga 'yan'uwana masu alƙalami da matasanmu masu ilmin kwamfuta a BUK da Wudil da sauran makarantu. Ba a fara gini daga rufi, Japanawa ba su sami abin da za su mai da wasa ba sai da wani ya riga ya rubuta littafin da mutane suka ƙi mantawa da shi shekara ɗari shida. Namu aikin ke nan, kuma ba ya buƙatar jarin miliyoyi, biro ne da takarda da zuwa wajen tsofaffi da masana a sha tambaya. Wanda yake ganin ba haka ba ne, fili a buɗe yake, ya rubuto mu ƙaru da juna.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu ba a kanmu ba, amin. Wassalam.